Darasi na 9: Yaushe Ciyar da 'Ya'ya Ke Sauka Daga Wuyan Uba?

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin abin da ake nufi da nafaƙa, da wanda ta rataya a wuyansa;
2. bayyana lokacin da ciyar da ɗa namiji ke ƙarewa, da lokacin da ciyar da 'ya mace ke ƙarewa;
3. rarrabe abubuwan da ke sauke wannan nauyi daga waɗanda ba sa sauke shi;
4. kwatanta hukuncin fiƙihu da na dokokin gwamnati;
5. sanin ƙofar da ake ƙwanƙwasawa idan an samu saɓani.

GABATARWA

Kongolam gari ne na bakin iyaka a Ƙaramar Hukumar Mai'aduwa, cikin masarautar Daura. Titin da ya taso daga Daura ta nan yake ratsawa ya shiga Nijar, ya nufi Matamaye da Damagaram. Abincin mafi yawan magidantan garin a kan wannan titi yake: wani direba, wani ɗan dako, wani mai canjin naira da sefa, wani dillalin dabbobi da ke jiran ranar kasuwar Mai'aduwa. Auratayya kuwa ba ta san shingen kwastan ba. Sau da yawa miji na wannan tsallake, dangin matarsa na wancan.

Idan irin wannan aure ya mutu, wasu maganganu kan fito daga bakin maza, kuma kowa ya saba jin su. "Tunda ta tafi da su, ta ciyar da su." "Ai ta yi wani aure, mijinta ya ɗauka." "Na kai shi wajen malam, na fita." Su ma mata suna da nasu: "Har ya mutu sai ya ciyar da su, ai shi ya haife su." Duk waɗannan maganganu akwai gyara a cikinsu. Shari'a ta yi wa ciyarwa mafari, ta yi mata maƙura, kuma ba ta ɗaura maƙurar a kan zaman iyaye ko rabuwarsu ba. A kan halin da yaron yake ciki ta ɗaura ta.

1. MECE CE NAFAƘA, KUMA A KAN WA TAKE?

Kotunan Shari'a na Jihar Katsina suna hukunci a kan aure, saki da reno bisa mazhabar Imamu Malik. Littattafan da alƙalai ke dubawa su ne waɗanda ake karantawa a zaurukan malaman Daura tun kaka da kakanni: Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 996, Mukhtasar na Shaihu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa da ya rasu a 1426. Tushen hukuncin kuwa yana cikin Alƙur'ani, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara da ayoyi na 6 da 7 na Suratuɗ Ɗalaƙ.

A wannan mazhaba, ciyar da yaro a wuyan ubansa take shi kaɗai. Uwa ko da tana da garken awaki da jarin ƙuli-ƙuli, ba a tilasta mata. Abin da ta kashe da niyyar kyauta, kyautatawa ce. Kaka na wajen uba ma ba a tilasta masa ciyar da jika, haka baffa da yaya. Sharuɗɗa biyu ne: uban ya kasance yana da abin da ya ragu bayan bukatar kansa da ta matarsa, yaron kuma ya kasance ba shi da dukiyar kansa.

Ba a yanka adadi ɗaya ga kowa ba. Mai tirela da mai turin baro ba za a ɗora musu kaya iri ɗaya ba. Alƙali yakan duba samun uba, da tsadar hatsi a garin, da yadda mutanen wurin suka saba rayuwa.

AKWATIN KALMOMI NA 1
Nafaƙa: ci, sha, sutura da wurin kwana da shari'a ta wajabta wa mutum ya samar wa wanda ke ƙarƙashinsa, gwargwadon ƙarfinsa.
Reno: tsare yaro, da kula da kwanansa, wankansa, cinsa da tarbiyyarsa. Malamai na kiran sa hadana.
Mawadaci: a wannan babi, wanda ke da rarar abin hannu bayan bukatar kansa, ko da ba attajiri ba ne.

2. ƊA NAMIJI: BALAGA DA IYA NEMA

Ciyar da ɗa namiji tana sauka idan abubuwa uku suka haɗu: ya balaga, yana da hankali, kuma yana da lafiyar da zai iya nema da ita. Idan aka rasa ɗaya, nauyin yana nan.

Ana gane balaga da alamomi, kamar mafarki da fitowar gashin gaba. Idan babu wata alama da ta bayyana, sai a koma ga shekaru, kuma mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne shekara 18. Shafi'awa kuwa 15 suka ce. Nan ne amfanin takardar haihuwa yake fitowa. Tun 1992 doka ta wajabta yi wa kowane jariri rajista, kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar. Uwar da ta adana wannan takarda ta huta da gardamar "shekarar da aka yi fari aka haife shi" a gaban alƙali.

Misali na farko: a ɗauka wani saurayi ne ɗan shekara 17, ya balaga, lafiyarsa lau, yana bin motar haya daga Kongolam zuwa Daura a matsayin yaron mota, yana samun na tuwo. A fiƙihu, ba a tilasta wa ubansa ciyar da shi. Idan uban ya ci gaba, sadaka ce da zumunci.

Misali na biyu: wani yaro ne da shan-inna ya shanye wa ƙafafu tun yana goye, ko wanda aka haifa makaho, ko mai taɓin hankali, ya kai shekara 25 ba ya iya wata sana'a. Ciyar da shi tana nan a wuyan uba, domin balagar ta same shi cikin gajiyawa.

Akwai wani bambanci mai kaifi da ya kamata a riƙe. Idan yaro ya balaga lafiyayye, nauyin ya sauka, daga baya ya yi haɗari a babur ya naƙasa, malaman Malikiyya sun ce wajibcin ba ya dawowa kan uba. Ba wai a yasar da shi ake nufi ba. Ana nufin alƙali ba zai tilasta wa uban ba, sai kulawarsa ta koma ga zumunci, zakka da taimakon jama'a.

AKWATIN KALMOMI NA 2
Balaga: isa munzalin da hukunce-hukuncen addini ke hawa kan mutum.
Gajiyayye: wanda ciwo, naƙasa ko taɓin hankali ya hana shi neman abincinsa.

3. 'YA MACE: ƊAURIN AURE DABAN, TAREWA DABAN

Hukuncin 'ya mace ba ya bin shekaru. Ko ta kai 30, muddin ba ta yi aure ba kuma ba ta da dukiyar da za ta ishe ta, ciyar da ita tana kan ubanta. Balagarta ba ta sauke komai.

Abin da ke sauke nauyin shi ne komawarsa kan miji, kuma ba a ranar da aka raba goro da alewa yake komawa ba. Sai ta tare mijin ya sadu da ita, ko kuma iyayenta sun ce wa miji baligi ya zo ya ɗauki matarsa, ita kuma ta isa zaman aure, shi ya ƙi zuwa. Daga ranar wannan kira, ciyarwa ta hau kansa ko da amarya tana ɗakin uwarta.

Wannan ya shafi ƙasar Daura sosai, domin an saba ɗaura aure a jinkirta biki: wani har sai an yi girbi, wani har sai an kammala kayan ɗaki, wani har sai ango ya dawo daga cin rani. Idan jinkirin daga gidan amarya ya fito, tuwonta na nan a gidan ubanta.

To, idan auren ya mutu fa? Idan an sake ta kafin tarewa, ciyarwar uba ba ta ma yanke ba. Idan kuwa ta tare, ta dawo bazawara, baliga, lafiyayya, wajibcin ba ya komawa kan uba, ko da yake a al'adar Hausa babu uban kirki da zai rufe wa 'yarsa ƙofa. Wadda aka aurar tana gajiyayya, aka sake ta tana nan a gajiyayyarta, ita kam ciyar da ita na komawa kan uban.

AKWATIN KALMOMI NA 3
Ɗaurin aure: ƙulla aure da waliyyi, sadaki da shaidu.
Tarewa: komawar amarya gidan mijinta su fara zaman aure.

4. ABUBUWAN DA BA SA SAUKE NAUYI

Saki. Igiyar aure ce ta tsinke, ba ta haihuwa ba. Hasali ma, macen da aka saka da ciki ana ciyar da ita har ta haihu, saboda abin da ke cikinta. Idan sakin ya yanke, tana da damar neman ladan shayarwa, wadda cikarta shekara 2 ce.

Zaman yara a wajen uwa. A al'ada, da an yaye yaro sai dangin uba su ce a kawo musu ɗansu. A fiƙihun Malikiyya kuwa uwa ce ta fi cancanta da reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare. Reno nata ne, ciyarwa tasa ce. Uba ba shi da ikon cewa "in ana son in ciyar, a kawo su gidana".

Sabon auren uwa. Idan ta auri wani bare ta tare, takan rasa reno, ya koma ga uwarta, sannan 'yar'uwarta, bisa jerin da littattafai suka tsara. Amma kuɗin ciyarwa bin yaro yake yi duk inda ya koma. Mijin uwa ba a wajabta masa ciyar da agola ba.

Almajiranci. Yaro ɗan shekara 8 da aka danƙa wa malami a Zariya ko Maraɗi da allo da ƙoƙon bara, bai balaga ba, bai iya nema ba, ba shi da dukiya. Babu abin da ya sauke nauyin. Cinsa da suturarsa suna kan ubansa, kamar yana kwana a zauren gidansu.

Ƙarin aure ko tafiya. Amarya ba ta kore haƙƙin 'ya'yan tsohuwar mata, haka zama a Agadas ko Legas.

5. WASU HANYOYIN DA NAUYIN KE SAUKA

Idan yaro yana da dukiyarsa, misali ya gaji shanu ko gona daga uwarsa, ana iya ciyar da shi daga cikinta, da lissafi da amana.

Idan uba ya talauce ƙarƙaf, wajibcin yana faɗuwa na tsawon wannan lokaci, kuma ba ya zama bashi a kansa. Mutanen bakin iyaka sun ga irin wannan da idonsu lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, direbobi da 'yan dako suka wayi gari babu lodi. Sai dai faɗa da baki ba ya isa. Wanda ya ce ba shi da shi, alhali ana ganin sa yana sayen rago a kasuwa, alƙali zai nemi hujja. Da samu ya dawo, wajibci ya dawo.

Idan uba ya rasu, ciyarwa ta yanke daga ranar. Ba a ware wani kaso daga gado a ce na ciyar da ƙananan yara ne. Kowane maraya daga rabonsa ake ciyar da shi, a hannun wasiyyi ko wanda alƙali ya naɗa.

Akwai kuma batun abin da ya wuce. A wannan mazhaba, ciyarwar yaro tana faɗuwa da shuɗewar lokaci, domin yunwar bara ba a maganinta bana. Hanya biyu ce ke mai da ita bashi: ko alƙali ya riga ya yanka adadi, ko wani ya ciyar da yaron da niyyar a biya shi, ba don kyauta ba. Saboda haka uwar da ke ciyar da 'ya'yanta da kuɗin furarta, alhali uban yana da hali, ya kamata ta kafa shaidu cewa da niyyar bin bashi take yi, kuma kada ta yi shekaru ba ta kai magana gaba ba.

6. MISALI NA LISSAFI

A ɗauka wani direba ya saki matarsa a 2020, suna da 'ya'ya uku: mace haihuwar 2005, namiji haihuwar 2007, da auta haihuwar 2017. Alƙali ya yanka N10,000 a wata ga kowane ɗaya. Jimla N30,000.

A 2023 namijin ya kai 16, balagarsa ta tabbata, yana aikin kanikanci yana samu. Kasonsa ya sauka a fiƙihu. Saura N20,000.

A watan Maris na 2024 aka ɗaura wa macen aure, amma iyayenta suka ce sai an gama kayan ɗaki, ba ta tare ba sai farkon Nuwamba. Daga Maris zuwa Oktoba wata 8 ne, wato N80,000 da ke kan uba, ba kan ango ba. Daga Nuwamba saura N10,000.

Auta kuwa, idan babu alamar balaga da ta riga, zai cika 18 a 2035.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Kowane yaro da ranarsa, ba a sauke su a dunƙule. Sannan, tunda hukuncin kotu ne, uba ba ya rage kuɗin da kansa. Komawa zai yi gaban alƙali ya kawo dalilinsa. Ita ma uwar tana da damar komawa ta nemi ƙari idan kwanon gero ya yi tsada.

7. ABIN DA DOKOKIN GWAMNATI SUKA CE

Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba, kuma ta ba shi haƙƙin samun ciyarwa daga iyayensa gwargwadon ƙarfinsu. A nan kalmar iyaye ta haɗa uwa da uba. Sai jiha ta yi tata dokar kafin irin wannan ta yi aiki a cikinta, kuma Jihar Katsina ta yi dokar kare yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi shekara 9 a makaranta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare.

Ga waɗanda suka yi auren rajista, Dokar Shari'un Aure ta 1970 ce ke aiki. Sashe na 70 ya ce kotu ba ta yanka ciyarwa ga wanda ya kai shekara 21, sai da wani dalili na musamman. Wannan doka ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba.

Batun ɗalibi shi ne inda aka fi jan igiya a yau. Saurayi ɗan 20 da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina baligi ne, lafiyayye, amma aji ya hana shi kasuwa. Zahirin Malikiyya ya sauke ciyar da shi. Malaman Hanafiyya kuwa sun sa mai neman ilimi cikin waɗanda ba sa iya nema. Ƙasar Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta rubuta a dokar iyalinta ta 2004 cewa uba zai ci gaba da ciyar da mai karatu har shekara 25. Uban da ya sa ɗansa a makaranta da hannunsa, ya fi dacewa a yi yarjejeniya da shi a rubuce tun ranar sulhu, a faɗi wanda zai biya kuɗin makaranta da lokacin da zai daina.

8. IDAN AN SAMU SAƁANI

Matakin farko shi ne waliyyan ɓangarorin biyu, sannan liman ko mai unguwa, dagaci, har zuwa hakimi. Idan an daidaita, a rubuta adadi, ranar biya da wanda zai karɓa, shaidu su sa hannu. Idan sulhu ya ƙi, sai Kotun Shari'a. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba ta hurumin duba irin waɗannan shari'u.

Ga mutanen Kongolam akwai ƙarin wahala guda. Hukuncin alƙalin Najeriya ba ya zartuwa kai tsaye a kan uban da ya koma Matamaye, domin kowace ƙasa da kotunanta. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne Risalar da ake karantawa a Daura ita ake karantawa a Damagaram, kuma dattawan dangi suna tsallakawa biki da jana'iza. Shi ya sa takardar sulhu mai ɗauke da shaidu daga tsallaken biyu ta fi saurin aiki.

Littattafan da suka ɗora wa uba wannan nauyi su ne kuma suka juya shi daga baya: ɗa ko 'ya mai hali, wajibi ne ya ciyar da uwa da uba idan sun talauce, kuma alƙali na iya tilasta masa.

AKWATIN KALMOMI NA 4
Sulhu: daidaitawa da yardar ɓangarori biyu ba tare da hukunci ba.
Wasiyyi: wanda uba ya bar wa amanar 'ya'yansa da dukiyarsu bayan rasuwarsa.
Hurumi: iyakar shari'un da doka ta yarda wata kotu ta saurara.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mece ce nafaƙa? A kawo abubuwa huɗu da ta ƙunsa.
2. Waɗanne sharuɗɗa uku ne ke sauke ciyar da ɗa namiji?
3. Idan babu alamar balaga, shekara nawa ake dubawa a mazhabar Malik?
4. An ɗaura wa yarinya aure da ƙaramar salla, iyayenta suka jinkirta tarewa zuwa babbar salla. Wa zai ciyar da ita a tsakani? Idan mijin ne aka kira ya ƙi zuwa fa?
5. A bayyana bambancin reno da ciyarwa.
6. Gaskiya ko kuskure: (a) kai yaro almajiranci yana sauke ciyarwa, (b) mijin uwa ne ke ciyar da agola, (c) ciyarwa tana yankewa da rasuwar uba.
7. Alƙali ya yanka N8,000 a wata ga kowane ɗaya daga yara huɗu. Ɗaya ta tare, ɗaya ya balaga yana sana'a. Nawa ya rage a wata, kuma nawa ne a shekara?
8. Ta waɗanne hanyoyi biyu ciyarwar da ta wuce ke zama bashi?
9. Wane aure Dokar Shari'un Aure ta 1970 ta shafa, kuma shekara nawa ta ambata?
10. Aikin rukuni: ɗalibai su rabu uku-uku, su rubuta takardar sulhu tsakanin uban da ke zaune a Matamaye da uwar da ke Kongolam, su nuna adadi, ranar biya, shaidu da lokacin da kason kowane yaro zai ƙare.